Ni da ɗana ba ma shiga mota sai mun yi amai, me za mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni dai tun ina yarinya in na shiga mota, kafin a yi nisa zuciyata ta fara tashi, miyau ya cika min baki, sai amai. Yanzu ga ɗana mai shekara 7 ya gado ni. Duk ranar da za mu yi tafiya ba ma cin komai, kuma nakan ba shi wayata ya yi wasa ko zai manta, amma abin sai gaba yake yi. Abin mamaki, in ni ce ke tuƙi lafiya ƙalau nake. Akwai abin da za mu yi da kanmu ba sai mun sha magani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya yaro. Abin nan da kika faɗa, cewa in ke ce ke tuƙi ba ki jin komai, shi ne bakin zaren.

Wannan tashin zuciya daga kai yake farawa, a ciki kawai yake sauka. Can cikin kowane kunne akwai wasu 'yan bututu guda 3 masu lanƙwasa, cike da ruwa, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa duk juyin da kai ya yi. Kusa da su kuma akwai sashen da ke jin tashi da tsayawa. To idan kina zaune a baya kina kallon bayan kujera, ido yana cewa ba inda ake zuwa, kunne kuwa yana cewa ga kwana, ga gargada, ga burki. Ƙwaƙwalwa ta samu labari biyu masu karo da juna, sai ta rikice: hamma, sanyin gumi, miyau, jiri, daga nan amai. Direba idonsa na kan hanya, kuma ya san zai sha kwana tun kafin ya sha, don haka ba a yi wa ƙwaƙwalwarsa ba-zata. Har ma an lura mutanen da wannan sashe na kunnensu ya daina aiki gaba ɗaya ba sa yin wannan ciwo.

Kin ga ke nan wayar da kike ba yaro ita ce ke ƙara wa wutar fetur. Ido ya kafe a kan abin da ba ya motsi, jiki kuma na ta girgiza. Karatu ma haka ne. Ki karɓe wayar, ki kunna masa abin saurare, ko ku riƙa hango abubuwan da ke tsaye can nesa a gabanku. Ke ki zauna a gaba, idonki can inda hanya ta haɗu da sama. Shi kuwa bai kai zaman gaba ba, don jakar iskar da ke fashewa lokacin hatsari tana iya raunata ƙaramin yaro. Ki sa shi a tsakiyar kujerar baya, kan kujerar yara mai ɗaga shi, da bel ɗinsa, yadda zai hango hanya ta gilashin gaba. Ya jingina kai kada ya riƙa lilo. A jirgin sama ku nemi kujerar da ke saitin fiffike, a jirgin ruwa tsakiyarsa, a jirgin ƙasa ku fuskanci inda aka nufa.

Tafiya da yunwa ma kuskure ne, kuma kusan kowa na yin sa. Cikin da ba komai ya fi saurin tashi, in aman ya zo kuma sai kumallo mai ɗaci da kakari. Ku ci abu mara nauyi awa ɗaya ko biyu kafin tashi, mara maiƙo, mara yaji, ku riƙe busasshen biskit kuna ɗan taunawa a hanya. A sauke gilashi iska ta shigo. Turare mai ƙarfi, hayaƙin taba da warin fetur duk abokan gaba ne.

Cikin abubuwan da ake sha, citta ce na fi yarda da ita. A 1988 masu bincike na ƙasar Danmak sun wallafa gwajin da suka yi mata kan ɗaliban sojan ruwa 80 a tsakiyar teku: waɗanda aka ba giram 1 na garin citta sun yi ƙarancin amai da sanyin gumi a kan waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta. Ba kowane bincike ne ya same ta da ƙarfi haka ba, shi ya sa ba na cika baki a kanta, amma tana taimakon mutane da yawa, har da masu laulayin ciki. Giram 1 kusan rabin cokalin shayi ne na gari. Ko ki yanka ɗanyar citta kamar gaɓar babban yatsa, ki daddaka, ki zuba tafasasshen ruwa kofi ɗaya, ki rufe na minti 10, ki tace. Ki sha rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a tashi, domin in zuciya ta riga ta tashi ciki ba ya saurin karɓar komai. Yaro a tsarma masa sosai, kurɓa kaɗan ta isa. Mai yawan ƙwannafi ya yi a hankali, mai shan maganin tsinka jini irin warfarin kuma ya fara tambayar likitansa.

Shaƙar ɓawon lemon tsami ko tsotsar alewar na'a-na'a na kwantar wa wasu da zuciya, sai dai na'a-na'a ita ma tana tayar da ƙwannafi. Akwai kuma wani gurbi a hannu da masu maganin gargajiyar Sin suka daɗe suna dannawa. Ki buɗe tafin hannu, ki jera yatsu uku daga layin wuyan hannu zuwa wajen gwiwar hannu, inda na ukun ya tsaya za ki ji jijiyoyi biyu, sai ki danna tsakaninsu da babban yatsa na minti 2 ko 3. Hujjarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ya cutarwa, kuma yana ba yaro abin yi.

Ki koyi gane alamar farko. Yaro ya yi shiru, ya fara hamma, fuskarsa ta canza, to lokacin tsayawa ya yi, kada a jira sai ya ce zai yi amai. A fito a ɗan taka, ko ya kwanta rigingine ya rufe ido. Numfashi a hankali, a ja ta hanci a saki ta baki, yana rage abin. In ya riga ya yi amai a bar cikin ya huta kaɗan, sannan a riƙa ba shi ruwa cokali-cokali. Kwankwaɗar kofi guda dawo da shi zai yi. In aman ya yi yawa a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi.

Shekarun ɗanki su ne ganiyar abin. Ya fi damun yara daga shekara 2 zuwa 12, yawanci kuma yana lafawa da girma da sabo. Gajerun tafiye-tafiye a kai a kai suna horar da ƙwaƙwalwa.

In tafiyar doguwa ce kuma duk wannan bai wadatar ba, akwai magunguna irin cinnarizine da dimenhydrinate, ana shan su kafin a tashi. Suna sa barci, saboda haka kada ki sha ranar da za ki yi tuƙi, kuma kada ki auna wa yaro da ka.

Aman mota yana lafawa bayan an sauka. Wanda ya wuce kwana ɗaya, ko ya zo da jini, ko ya fito kore ko baƙi, ko ya haɗu da matsanancin ciwon ciki, ciwon ƙirji, ko ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko ya biyo bayan buguwa a kai, wannan na asibiti ne, ba na citta ba. Haka nan yaron da bakinsa ya bushe, ya yi laushi, fitsarinsa ya ragu ƙwarai, a kai shi a ranar.