Ku Tambaya Mu Amsa: Ajo da kiɗan dandali a shekarar matsi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ambaliya ta cinye gonakin gidaje da dama a ƙauyenmu. Mu samari muka gayyato mai kalangu muka yi ajo don a tallafa musu. Dandali ya cika maƙil, amma da gari ya waye abin da ya rage a hannunmu bai kai kuɗin buhun gero ba, ga kuma zargin juna. Ina gizo ya yi saƙa?
Wani matashi, daga ƙasar Ringim

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Daga bayaninka, kun bar kuɗi iri biyu sun gauraye. A al'ada duk abin da aka liƙa wa makaɗi a goshi nasa ne da 'yan amshinsa, ba wanda ya isa ya ce ya kawo. Gudummawar ajo kuwa ta waɗanda aka taru dominsu ce. In ba a raba su tun farko ba, jama'a za su bi daɗin kiɗa su juye aljihu a kan makaɗi.

Ku yi jinga da shi kwanaki kafin ranar, a gaban mai unguwa: ga ladansa, ga kuɗin mota, ga abinci, rabi kafin ya zo, rabi bayan an tashi. A filin, a shimfiɗa tabarma a tsakiya a ɗora babban faranti, maroƙi ya yi shela tun kafin a buga kiɗan farko cewa faranti na mabuƙata ne. Mutum biyu su zauna da littafi kowa yana rubuta nasa, kuma kada su fito daga gida ɗaya. Wannan tsari yana raba ku da wata fitinar ma, domin dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa takardun naira a wurin biki, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata 6 ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun.

Kada ku ce sai kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗi ya yi wuya a hannun manomi, amma wanda ba zai iya zaro dubu biyu ba zai iya auno tiya ɗaya ta dawa. Ku ajiye buhuna a gefen tabarma, gero daban, dawa daban, shanshera daban. Tiya 40 ce buhu, gida 40 ke nan in kowa ya kawo ɗaya.

Sai ku ja wa maroƙi kunne. Sana'arsa ce ya ɗaga wanda ya ba da babba, to amma a shekarar yunwa, ranar da ya ce wane ya ba da dubu goma wane ya ba da ɗari biyu, mai ɗari biyun ba zai sake zuwa ba. Ya ambaci sunan kowa da na gidansu, ya yi godiya, adadi ya zauna a littafi. Haka kuma kada a kira sunan waɗanda za a taimaka wa a lasifika. Magidanci ya gwammace ya kwana da yunwa da a yi masa kiɗa a kan talaucinsa. A ƙirga abin da aka samu a daren, kafin jama'a ta watse, a faɗi jimilla da ƙarfi. Rabo kuwa washegari, gida-gida, da rakiyar liman ko wani dattijo.

Lokaci ma yana da hannu. Garin da ruwa ya ci amfanin damina ba ya da abin bayarwa da kaka, ku jira a cire alkama da sauran kayan rani wajen Maris zuwa Afrilu, in dai bai faɗo cikin azumi ba. Daren ranar kasuwa ya fi, misali Lahadi ga masu cin kasuwar Gujungu. Ku zaɓi daren 12 zuwa 15 ga watan Musulunci saboda farin wata. A sanar da dagaci da 'yan Hisba tun da wuri, wurin mata daban, 'yan sintiri a bakin hanyoyin shigowa, a fara bayan isha'i a tashi kafin ƙarfe 11. Yawancin rigimar dandali bayan tafiyar dattawa take tashi, lokacin da samarin wasu garuruwa suka rage.

Tambaya: Kullum muka yi wasa, kafin a kai tsakiya murya ta shaƙe a lasifika, kalangun ma ya koma kamar ana dukan buhu. Ba mu da kuɗin man janareto.
Wani mai hayar kayan sauti, daga ƙasar Dawakin Kudu

Amsa: Malam, matsala biyu ce. Ta farko lissafin batir. Mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da kusan wat 1,200 na awa guda, amma rabi kawai ya kamata ka ja, in kana zuƙe shi ƙarƙaf ba zai daɗe ba. Amfilifaya mai jan wat 60 da ƙwai huɗu masu wat 10 sun tashi wat 100, awa 6 ke nan a lafiyayyen batir. In naka yana gazawa a awa 2, ko dai ya tsufa, ko kuma masu cajin waya sun yi masa rubdugu ta bayan fage. Shaƙewar murya ita ce alamar wuta ta yi ƙasa. Ƙarar nan mai tsaga kunne kuwa tana zuwa ne in makirufo ya shiga gaban lasifika. Ɗaga ta a kan gora sama da kawunan mutane, mawaƙi ya tsaya bayanta.

Kalangu ba ruwansa da makirufo a dandalin ƙauye, bar wa mawaƙi. Abin da ke kashe shi raɓa ce: fata ta sha laima ta saki, ko an matse tsarkiya ba za ta yi zaƙi ba. A hura ɗan garwashi a gefe, makaɗi ya riƙa kara fatar daga nesa yana juyawa yana ɗan bugawa har amo ya dawo. In ya matsa da yawa, musamman da hunturu, fashewa za ta yi. Ya zo da na biyu a cikin jaka, kada kuma a ajiye shi a ƙasa.

Tambaya: Mu matan unguwa muna son haɗa kiɗan ƙwarya da zubin adashe a cikin gida. Zai yiwu ba tare da an ɗauko masu amada ba?
Wata uwargida, daga ƙasar Gumel

Amsa: Sosai ma, Hajiya. Ƙwarya uku marasa tsaguwa, babba da matsakaita, da baho mai ruwa rabi. Ɗaya a kife ta a kan ruwan a buga da 'yan sanduna, sauran a kife a kan tsumma. In amon ta ruwan bai yi ba, a ɗan karkata ta iska ta ragu ko ta ƙaru a ƙarƙashi har a dace. Ku yi tsakanin azahar da la'asar, da sanin maigida, a riƙa zagaya gidajen. Uwar adashe ta karɓi zubi ta rubuta kafin a taɓa ƙwarya, domin da zarar rawa ta yi zafi ba mai tuna wa ta ba da wa ba ta ba da ba.