Wane Mai Ake Zuba wa Na'urar Ɗaga Injin Kwale-kwale?

Tambaya: Injin kwale-kwalena Yamaha ne, mai na'urar ɗagawa da saukewa ta lantarki. Kwana biyu in na danna maɓalli sai ya yi ta kuka, da ƙyar yake tashi. Na duba, man ya ragu. Wani ya ce in zuba man birki, wani ya ce man giya. Wanne ya dace?

Amsa: Malam, ko ɗaya a cikin biyun kada ka zuba. Gara ka bar injin yadda yake kwana biyu har ka samu man da ya dace.

Aikin wannan na'ura da matsin mai take yinsa. Wata 'yar mota ta lantarki, wato ƙaramin inji mai juyawa, ke juya famfo, famfon ya tura mai ta ƙananan kafofi zuwa cikin silinda, sandunan da ke cikin silindar su tura injin sama. Abin da ke riƙe wannan matsi kuwa wasu 'yan zobban roba ne. Shi man birki haɗinsa daban ne, ba daga ɗanyen mai ake yinsa ba, kuma robobin nan ba don shi aka ƙera su ba. Yana shiga sai su kumbura, su yi laushi, bayan ɗan lokaci ka ga injin yana zamewa ƙasa da kansa. Ga shi kuma yana shan danshi, kai ko a kan ruwa kake wuni. Na sha kwance na'urar da aka yi wa haka, robar ta zama kamar cingam a hannu, kuma babu gyara sai an canza su duka an wanke ciki. Man giya, irin mai lamba 80W-90, kauri ya yi masa yawa. Famfon zai yi ta wahala, motar ta yi zafi, ta ci batir.

Abin da za ka nema shi ne man da kamfanin ya yi domin wannan aiki, ana sayar da shi da sunan Yamalube, wanda aka rubuta Power Trim & Tilt Fluid a jikinsa. In bai samu ba, littattafan gyara na injunan Yamaha da dama sun yarda da ATF mai alamar Dexron, wato jan man nan da ake zuba wa giyar mota otomatik. Mercury ma, wani kamfanin injin kwale-kwale, suna da nasu man mai suna Quicksilver, kuma sun yarda da Dexron III a madadinsa. Amma ka buɗe littafin injinka ka tabbatar, domin lambar inji ce ke yanke hukunci. Kuma in ba dole ba, kada ka gauraya iri biyu.

Wajen zubawa a nan mutane ke jin ciwo. Ka ɗaga injin har ƙarshe, ka sa maƙalin da ke tokare shi, sannan ka kwance murfin ramin zuba man a hankali. In ka buɗe injin yana ƙasa, man na cikin matsi, zai iya feso maka a ido. Ka goge bakin wurin tukuna, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana bawul rufuwa. Ka zuba har man ya kawo gindin ramin, ka rufe, ka cire maƙalin, ka ɗaga ka sauke sau huɗu ko biyar don iskar da ta shiga ta fita, ka sake dubawa. Yawanci wannan iskar ce ke sa kukan da kake ji.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne raguwar man. Wannan mai ba ya ƙonewa, in ya ragu to akwai inda yake yoyo. Ka duba sandunan ko sun yi tsatsa ko ƙarzuwa, ko mai na tsatsafowa a gindinsu. Ka kuma ɗiga kaɗan a kan farin tsumma. In ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya riga ya shiga, ƙari ba zai yi magani ba. Sai an canza robobin, an zubar da tsohon man gaba ɗaya.