Ƙanina kar ka sayar da laftof ɗin nan, ka gyara ta tun kana Jos

Salamu alaikum ƙanina, ya gida, ya su Mama, ya sanyin Jos? Na ga saƙonka tun shekaranjiya wallahi aiki ne ya riƙe ni, ka yi haƙuri. Barka da samun gurbin karatu, Allah ya sa a fara a sa'a. Ka ce laftof ɗinka HP EliteBook 840 G3 ce, i5, ram gig 4, had disk gig 500, tun kana aji biyu a Unijos take hannunka, yanzu ta kai sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba, shi ne kake tunanin ka kai ta kasuwar Terminus ka sayar in ka iso nan Jamus ka sayi sabuwa. Toh ni dai shawarata kar ka sayar.

Bari in fara maka da lissafin aljihu. Kuɗin da aka sa ka ajiye a asusun nan da ake kullewa, yuro 11,904 ne tun 2024, kuma 992 kawai suke sakar maka a wata, a ciki za ka biya haya, ka biya inshorar lafiya, ka ci abinci, ga kuɗin ajiya da mai ɗaki zai karɓa kafin ya ba ka makulli, ga rigar sanyi ta gaske don wadda kake sawa a Jos ba za ta yi maka komai ba a watan Janairu. Watanni ukun farko babu wani rarar da za ka ɗauka ka shiga shago. Kuma ko ka saya kibod ɗinsu na Jamusanci ne, Z tana inda ka saba ganin Y, ka zo rubuta yanzu ka ga zanyu a sikirin, ni sai da na yi wata biyu ina faɗa da shi.

Abu na biyu, a nan kayan gyara ba su da wata tsada, hannun mai gyaran ne wuta. Shekarata ta farko fankar laftof ɗina ta fara kuka kamar injin markaɗe, na ɗauka na kai wani shago, mutumin ko buɗe ta bai yi ba ya gaya min kuɗin dubawa kawai, na lissafa na ga ya kai cefanena na sati, na ce masa na gode na mayar da ita jaka. A ɗaki na kwance ta da sukudireba na aro ina kallon YouTube. Aikin da yaro a gida zai yi maka ka ba shi na shan ruwa ne fa. Don haka duk abun da za a yi mata a yi shi kana gida.

Ka fara da had disk, wato ma'ajiyar fayilolinka, don shi ne ciwon, a canza shi da sabuwar irin ma'ajiya da ake ce wa SSD. Wancan na ciki faifai ne ke juyawa da allura tana bin sa, in ya yi ƙoƙari ya karanta megabait ɗari a sakan, SSD kuwa babu abun da ke motsi a cikinsa kuma irin SATA yana yin wajen ɗari biyar. Ka nemi SSD mai inci 2.5, daidai yake shiga gurbin tsohon, gig 256 zai yi amma in da hali ka sa 512 ka huta. Wallahi wannan kaɗai in ka yi za ka ɗauka wata kwamfutar aka canza maka. Amma ka buɗe ido wajen saye, akwai na hannu da ake gogewa a sa a kwali a ce sabo ne, ni ma an taɓa yi min. Ka sauke CrystalDiskInfo a filas ka tafi da shi, kyauta ne, ana sawa ka buɗe a gaban mai shagon zai nuna maka awa nawa ya yi yana aiki da lafiyarsa, sabo bai kamata ya nuna dubban awanni ba. Sannan tsohon disk ɗinka kar ka bar shi a shago ko sun ce za su rage maka kuɗi, hoton fasfonka da takardun makaranta da na banki duk suna ciki. Ka sai masa ɗan gida mai USB ya zama ma'ajiyarka ta waje.

Sai ram, wato inda kwamfuta ke riƙe abubuwan da ka buɗe kana aiki da su. Taka DDR4 take ci kuma gurbi biyu gare ta, kar wani ya miƙo maka DDR3L ya ce duk ɗaya ne, tsagar ma ba wuri ɗaya take ba, in aka danna da ƙarfi gurbin ne zai karye. Ka buɗe Task Manager ka shiga Performance ka taɓa Memory, zai gaya maka gurbi nawa ke da kaya. Gig 8 shi ne mafi ƙaranci, ni da ni ne 8 biyu zan sa ya zama 16, tunda ka ce lafiyar jama'a za ka karanta za ka yi ta buɗe PDF ashirin da Zoom da R, manhajar nan ta lissafin alƙaluma, lokaci ɗaya.

Yanzu ƙura, nan ne mutanenmu ke sakaci. Kwamfutar da ta ga hunturu biyar ko shida a Jos, ta sha hanyar Bauchi Road zuwa Naraguta a jaka, ba sai an gaya maka abun da ke cikinta ba. Ranar da na buɗe tawa, tsakanin fanka da ƙarafan nan sirara da iska ke fita ta ciki na zaro wani abu kamar audugar tsohuwar katifa, ja-ja haka, ƙasar gida ce na yi guzurinta har Turai ban sani ba. Shi ke toshe iska, furosesa ya yi zafi ya rage gudu da kansa don kar ya ƙone, kai kuma ka ce bairos ne. In za a hure a riƙe fankar da yatsa kar iska ta yi ta wulwula ta, kuma a cire batir kafin a taɓa komai don taka batirinta a ciki yake. A goge tsohon man da ke kan furosesa, wanda masu gyara ke ce wa tamal fes, zuwa yanzu ya bushe kamar alli, a sa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa, ba a lafta shi kamar ana shafa bota ba. Ka tsaya a wajen ana yi, ba wai don zargi ba, don ka koya, nan gaba kai za ka yi da hannunka.

Batir kuma ka buɗe cmd, wato baƙar tagar nan ta Windows da ake rubuta umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da abun da batirin ke ɗauka yana sabo da abun da yake ɗauka yanzu, in ya faɗi ƙasa da rabi ka canza. In ka ga wajen da kake jan yatsa ya ɗan taso ko murfin ƙasa ba ya rufuwa daidai, toh ya kumbura ne, a cire shi ranar kar ka hau jirgi da shi. Laftof ɗin da fawa bank a jakar hannu ake sa su, ba a akwatin da za a auna ba. Caja ba sai ka canza ba, duba jikinta za ka ga 100-240V, wayar da ke shiga bango kawai za ka sauya don soket ɗin nan mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ba irin namu mai uku ba.

Amma kar in yi maka daɗin baki, akwai inda gyara ya tsaya. Furosesan taka a like yake da madabod, ba ya ciruwa, kuma jenareshan na 6 ne, Windows 11 kuwa a hukumance daga na 8 yake farawa, Windows 10 kuma Microsoft ta rufe tallafinsa na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Masu gyara suna da hanyar da suke bi su cusa 11 ɗin kuma yana tafiya, sai dai babu wanda zai yi maka alkawarin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa. Ni tawa Linux Mint na sa mata a madadin Windows, da shi na rubuta tesis ɗina, R yana tafiya lafiya lau, in kuma an buƙaci wata manhaja mai nauyi jami'o'in nan suna da ɗakunan kwamfuta na ɗalibai. Shekara biyu muke so ta kai ka, in ka fara ɗan aiki kuɗi suka zauna sai ka nemi ta hannu mai kyau, suna nan birjik.

In ba ka samu kayan kirki a Jos ba ka sa wani ya duba maka Banex a Wuse 2, amma kar ka bari sai ranar da ka sauka Abuja za ka hau jirgi, ka gyara ka yi sati biyu kana aiki da ita don in akwai matsala ta fito kana kusa da wanda ya sayar maka. Ka turo min hoton Task Manager ɗin da na batirin in gani kafin ka biya kowa. Kuma dan Allah ka taho min da yaji da kuka, kilishi kam kar ka sako, ba a shigowa da nama, kwastan za su karɓe. Ka gaida Mama.