Garantin da mai gareji ke sayarwa a kan hom yus: in biya ko in bari?

Tambaya: Salamu alaikum Masta. Ni ƙaninka ne daga Aboabo. Na daɗe ina wok an pe, wato ina tuƙa motar wani ina biyansa, yanzu Allah Ya rufa asiri na haɗa kuɗin tawa, Corolla 2016 hom yus (wadda aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita) a wani gareji nan Kumasi, Bolt zan yi da ita. Mai garejin ya ce in ƙara sidi 6,000 su ba ni garanti na shekara biyu a kan inji da giyabos, wai ma motar da sauran garantinta na Amurka, nasu ɗori ne kawai a kai. Wallahi tsoro nake ji, duk abin da na mallaka yana cikin motar nan, in giyabos ya lalace na shiga uku. In biya ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya sa alheri Ya tsare hanya. Tsoronka yana kan hanya, giyabos ɗin motar nan ba abin wasa ba ne, amma kar ka ba da ko pesuwa ɗaya tukuna.

Bari in fara da maganar "sauran garantin Amurka" don ita ce ta fi ƙona min rai, kusan kullum sai wani ya shigo mana Magazin, unguwar makanikai ta Suame, da ita, motarsa a bayan towin yana ce mana ai tana da garanti. Wane garanti? Toyota a Amurka shekara 3 ko mil 36,000 take bayarwa a kan mota gaba ɗaya, inji da giya kuma shekara 5 ko mil 60,000, duk wanda ya riga cika. Motarka ta 2016 ce, kai yi lissafi da kanka, tun wajen 2021 zancen ya ƙare. To a kan me za su ɗora nasu?

Kuma ko da motar bara aka ƙera ta, wannan garantin na Amurka da Kanada ne, ba ya hawa jirgi ya biyo ta Tema. Dilan Toyota na nan ba shi ya sayar da ita ba, babu abin da ya wajabta masa ya gyara maka kyauta. Sannan ga babbar, wadda masu gareji ba sa so a taɓo: da yawa daga cikin hom yus ɗin nan daga gwanjon Copart ko IAAI aka ɗauko su, motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya cinye, kamfanin inshora na can ya ga gyaransu asara ne ya biya mai su ya tura gwanjo. Mota in aka rubuta mata salbej a takarda, garantin kamfanin da ya ƙera ta ya faɗi tun tana can. Sai a kawo ta nan, welda ya miƙe ta, mai fenti ya fesa, a wanke inji da omo yana ƙyalli, a ɗaura mata farashi a ce maka wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita ranar Lahadi. A 2020 majalisa ta yi dokar hana shigo da irin waɗannan da motocin da suka haura shekara 10, aka yi ta hayaniya, aka dakatar da aiwatarwa, mu dai a Suame aikin miƙe shasi bai ragu mana ba.

Ban ce kowace motar gwanjo banza ba ce, akwai wadda bamba da fitila kawai ta rasa kuma ta fi wasu lafiya. Abin da nake cewa, mutumin da ya fara maka da ƙaryar garantin Amurka, ko dai bai san sana'arsa ba ko ya raina maka hankali, kuma shi ne fa za ka koma wa ranar da giya ta ƙi shiga. Wannan jita-jitar tana cutar da mutane ta wata hanyar ma, mutum ya saki jiki wai yana da garanti, ya ƙi kai mota a duba kafin ya biya, ya ga wutar cek injin ya ce ba komai ai za su gyara, sai abin da filta da mai za su magance ya zama sauke inji.

Yanzu garantin nasu. Ce masa ya ba ka takardar ka tafi da ita gida, in ya ce sai ka biya za ka gani to cinikin biri a sama yake so ku yi, ka yi masa sallama. In ya bayar, fara da shafin abubuwan da ba sa biya, can gaskiyar take. Nemi maganar motar haya ko kasuwanci kafin komai, irin wannan yarjejeniya sau da yawa tana cire motar da ake neman kuɗi da ita, kai kuma Bolt za ka yi, ka ga kenan za ka iya biyan 6,000 a kan takardar da tun ranar farko ba ta shafe ka ba. Duba iyakar kilomita, ɗan Bolt yana cinye ta shekara biyu cikin wata nawa? Duba inda aka ce dole ka yi sabis da kuɗin da za su riƙa caja, don wasu a nan suke fanshe riba, ka kai wa fitanka na unguwa sau ɗaya ko ka yar da rasit ɗaya sun samu hujja. Kuma in abu ya lalace sabo za su saka ko na Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, kuɗin aiki a wuyan wa, motar kwana nawa za ta yi a wurinsu kana zaune ba sels? Sai tambaya ta ƙarshe, wa ke tsaye a bayan takardar? In kamfanin inshora ne mai lasisin NIC, hukumar kula da inshora, akwai inda za ka kai kuka. In sitamp ɗin gareji ne kawai, gareji yau yana bakin titi gobe an sayar da filin an fara gini.

Birki, shok, bushin, batir, taya, abubuwan da titinmu ke ci kenan, garantin inji da giyabos ba ya biyansu. Ruwa ma haka, ka kutsa ambaliya inji ya sha ruwa wannan zancen inshorar komprehensib ne in ambaliya na cikin takardarka, tad pati kuwa ka sani wanda ka buge take biya.

Akwai inda ƙarin garanti yake da ma'ana. Sabuwar mota fil daga dila na gaskiya, kamar waɗanda ake haɗawa a nan, VW tun 2020, Toyota a Tema tun 2021, kamfani da kansa ya ce zai tsawaita maka, musamman mota mai injin turbo da tarin kwamfuta wadda kontrol bod ɗaya zai kwashe maka ribar wata da watanni. Nan kwalliya kan biya kuɗin sabulu. Taka ba ta cikin wannan layin.

Da ni ne kai ga yadda zan kashe kuɗin. Ɗauki lambar shasi, harafi da lamba 17 ne a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, a duba maka tarihinta a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motocin Amurka, ka kuma buga lambar a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo suna fitowa ka ga da idonka inda ta bugu, ka kwatanta mailej ɗin can da abin da mita ke nunawa yanzu. Ka je da fitan da kai ka zaɓa, ba na gareji ba, ya sa mata mashin ɗin gwaji, a ɗaga kafet a shinshina a duba tsatsa da laka ƙarƙashin kujera, a hau titi da ita har ta yi zafi sosai a ji ko tana kuka ko fizga. Yawancin Corolla na Amurka daga 2014 giyar CVT gare su, wani nau'in otomatik, mai nata daban ne, kuma abin da ya fi kashe su a hannunmu shi ne wani ɗan koyo ya ɗura mata ATF, man giyar otomatik na gama-gari, yana cewa ai duk ja ne. In ka saya a canza mata man CVT na asali kana tsaye, ka ga galan ɗin a rufe kafin a buɗe. Ragowar kuɗin ka ajiye su daban, ko MoMo ɗin da ba ka taɓawa ko adashi, duk sati ka ƙara wani abu daga sels, kar biki ko suna ya ci su.

In kuma mai garejin ya hana ka lambar shasi ko ya ce ba a fita da mota gwaji, bar masa motar ma gaba ɗaya, Corolla ba ta ƙare a Kumasi ba. In ya ba ka takardar, ɗauki hoton shafin abubuwan da ba sa biya ka turo min in duba kafin ka sa hannu.