Amsa kan na'urar wasan PS4 mai kashe kanta

Malam, ka ce PS4 ɗinka tana mutuwa da kanta in ka yi kamar minti 20 kana buga FIFA. Ni dai zafi nake zargi. Kasa kunne: in fankar tana ƙugi kamar jirgi zai tashi, fitilar kuma ta koma ja kafin ta mutu, to ƙura ce ta toshe ta, balle bayan hunturu. Tawa da na buɗe, ƙurar ta dunƙule a jikin fanka kamar auduga. Cire murfin ka share da burushi mai laushi, kuma ka fito da ita daga cikin kabad ta sha iska.

In kuwa fitilar ba ta yi ja ba, ɗif kawai take yi, mai yiwuwa matsalar wutar lantarki ce. Janareta babu sitabilaiza yakan ƙona mata akwatin wuta, wannan kam sai mai gyara.