Awon jini ko hoton ciki: wanne zan fara biya wa kuɗi?

Tambaya: Likita, shekarata 34, ina shan maganin hawan jini kala uku, har da mai sa fitsari, amma awona ya ƙi sauka daga 160/100. Ƙafafuna kan yi lakwas, da dare kuma sai na tashi fitsari sau uku. An ce in je a yi mini hoton CT na ciki, ga shi kuɗin hannuna ba su da yawa. Da me zan fara? Daga wata 'yar'uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, riƙe kuɗin hoton nan tukuna, ki fara da awon jini. Hawan jinin da ya gagari magani uku a shekarunki yana sa mu zargi wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, ana ce musu adirinal. Idan suka yawaita fitar da sinadarin aldosteron, sai ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta zubar da fotasiyam cikin fitsari. Mutuwar ƙafa da fitsarin dare suna iya zuwa daga nan.

Ki fara da awon fotasiyam da na aikin ƙoda, su ne masu sauƙin kuɗi. Fotasiyam ƙasa da 3.5 alama ce mai ƙarfi, amma ko ya fito daidai maganar ba ta mutu ba, don da yawa daga masu wannan ciwo nasu daidai yake fitowa. Awon da ke raba gardama shi ne na aldosteron da renin (wani sinadari da ƙoda ke fitarwa) tare. Da safe ake ɗibar jinin, bayan kin yi kamar awa 2 da tashi, kin kuma zauna na minti 5 zuwa 15. Ki tafi da kwalayen magungunanki duka a leda. Sifironolakton, wani maganin hawan jini mai sa fitsari, musamman yana rikita sakamako, akan canza shi kusan mako 4 kafin awon, kuma likita ne zai canza, kada ki daina da kanki.

Illar fara hoto ita ce yakan nuna ɗan ƙulli a adirinal wanda ba ya fitar da komai, ya tayar miki da hankali a banza. Idan awon jinin ya nuna matsalar adirinal ce, ki nemi takardar turawa zuwa ɓangaren likitocin homon (sinadaran jiki irin su aldosteron) a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Idan gefe ɗaya ne ke da laifi, tiyata kan yi magani. Idan duka biyun ne, ƙwaya ce.

Kada kuma ki sayi ƙwayar fotasiyam a kemis ba tare da awo ba, yawansa na iya tsayar da zuciya. Kanwa ma ba madadinsa ba ce, sodiyam ne ya fi yawa a cikinta.

Tambaya: Ƙanwata na shan maganin ƙara ƙiba tana shafa man bilicin, yanzu fuskarta ta yi zagaye, jininta ya hau. Akwai alaƙa?

Amsa: Sosai ma, Malam. Duba jikin kwalin: deksametason ko firednisolon a ƙwaya, kilobetasol a mai. Dukkansu dangin kotisol ne, wani sinadari da adirinal ke fitarwa, suna kawo hawan jini, ciwon suga da nankarwa mai launin shunayya a ciki da cinyoyi. Kada ta yanke ƙwayar rana ɗaya idan ta daɗe tana sha, jininta zai iya faɗuwa warwas. Ku kai ta asibiti da kwalin, a rage mata a hankali.