Hajiya, kada ki zuba asid ɗin nan

Salamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari saƙonki, kin ce ruwan wanke-wanke ya daina wucewa a kicin, wai wane asid za ki saya. Kada ki saya. Ai abin tambaya shi ne me ya tsaya a bututun, ko ba haka ba? Kitse ne. Man gyaɗa, manja, romon nama, da zafinsu suke shiga, suna hucewa su daskare, sai ƙanzon tuwo da shinkafa su zo su manne. Ga yashi da tokar da yara ke goge tukunya da su. Wane asid ne zai narkar da yashi?

Ki leƙa ƙarƙashin sinkin, akwai wata gwiwa a lanƙwashe. A tara bokiti, a murɗe ta da hannu, a kwashe dattin, a mayar. Galibi nan ne. In ba nan ba, a buɗe cembar waje, wato ɗan ramin nan mai murfi da bututun ke bi ta cikinsa, a zura waya mai lanƙwasuwa... a'a, ba rodi ba fa, rodi fasa roba yake. Ruwan zafi da omo yana taimakawa, amma, to, sai in toshewar ba ta yi nisa ba. Kuma don Allah kar a haɗa asid da Hypo, hayaƙin da ke tashi guba ne, ƙirji yake kamawa.

Ni abin da ke ci mini rai ma masai ne. Bututun inci 4 ne fa, mutane sun mai da shi bola! Gidan hayar da nake kula da shi, wani ɗan haya ya yi ta rantsuwa ba ruwansa, aka buɗe cemba aka zaro famfas, ledar fiya wata, har soso. Famfas in ya sha ruwa kumbura yake. Shi kaɗai ke da jariri a gidan! Wai na maƙwabta ne. Ta ina ya shigo, ta sama? Ni na biya mai gyara daga aljihuna, kuma in muka haɗu a masallaci shi ke ɗauke kai, shi!

Ina muka tsaya ma? Yauwa. Ki sa rariya a bakin sinki, ragowar mai kuma a bari ya huce a juye a gwangwani ya bi shara. Zancen kwatar layinmu kuwa a bar shi sai Asabar ɗin tsafta, kowa ya fito da shebur.